Wa ke korar mutane daga cocinmu na Sakkwato?

Dattijo Bulus: Salama gare ku, 'yan'uwa. Maganar da zan kawo ba kowa za ta yi wa daɗi ba. Da zarar benci ya fara zama wayam a cocinmu, sai mu ce tsanani ne, ko rashin fili, ko an yi wa mutane canjin wurin aiki. Ni kuwa cewa nake yi yawancin waɗanda suka daina zuwa suna nan cikin gari, a Mabera da Dambuwa da Kwannawa, ranar Lahadi suna zaune a gida. Mu muka kore su da hannunmu. In bango bai tsage ba, ƙadangare ba ya samun wurin shiga.

Fasto Ayuba: Baba, da girmanka, ban yarda ba. Dubi su wane ne ke cika coci a garin nan: sojojin barikin Giginya, ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ma'aikatan asibitin koyarwa, 'yan kasuwa daga kudu, da masu bautar ƙasa da shekara ɗaya kacal suke yi. Takardar canji guda tana ɗauke mutum shida a rana ɗaya, a cikinsu har da mai kiɗa da malamar makarantar Lahadi. Ƙara da tarzomar watan Mayun 2022 da aka kai wa majami'u hari, da halin da hanyar Gusau ke ciki. Akwai magidantan da suka kwashe iyali suka mayar gida. Wannan ba laifin dattawa ba ne, ba kuma na fasto ba.

Malam Istifanus: Abin nan ai ba na gardamar baki ba ne, ana iya ƙirga shi. Magatakarda ya ɗauko littafin masu cin jibin Ubangiji (gurasa da ƙoƙon da ake rabawa a coci don tunawa da Almasihu) na wata 12 da suka wuce, ya fitar da sunan duk wanda aka rasa sau uku a jere. Ya ja layi huɗu: wanda ya bar gari, wanda ya rasu ko yake kwance, wanda ya koma wani coci a cikin Sakkwato, da wanda yana gari amma ba ya zuwa ko'ina. Layin farko na Fasto ne, na uku da na huɗu na Baba ne. Inda matsalar take, coci da yawa ba su da wannan littafin, ko kuwa rabon da a gyara shi tun zaɓen dattawan da ya wuce. Ƙirgen kawuna da masu tsaron ƙofa ke yi ba ya nuna komai, don in 20 sun fita 20 sun shigo, lissafi zai ce lafiya lau.

Mama Saratu: Fasto, bari in faɗa maka abin da mata ke cewa bayan an tashi. A watan Afrilu da Mayu zafin Sakkwato yana haura 40. Rufin kwano, babu silin, fanka uku ga mutum ɗari biyu, a fara sujada ƙarfe 8 a kai 12. Ba wa'azi ne ke cin lokacin ba. Sanarwa ce ta rabin awa, sai kowace ƙungiya ta yi waƙa biyu, Zumuntar Mata, matasa, mawaƙa, Sabon Rai, sannan baiko, wato karɓar kuɗin bayarwa, ya zaga sau uku ko huɗu: na kullum, na gini, na godiya, na baƙon mai wa'azi. Mai goyo ba za ta jure ba. Amma wanda ya fi zafin rana ƙona rai shi ne ranar gidauniya, da ake kiran kuɗi daga sama: masu dubu hamsin su fito, masu dubu ashirin su fito, ana tafi ana guɗa. Gwauruwar da ta ƙulle naira 200 a bakin zane tana zaune kowa na ganinta. Sati mai zuwa sai ta ce ba ta jin daɗi. Wasiƙar Yakubu sura 2 ta yi maganar mai zoben zinariya da ake ba wuri mai kyau a bar talaka tsaye, mu kuwa mun sa wa abin lasifika.

Haruna: Mama, gaskiya ne, amma fankar nan da kike so da me za a kunna ta? Man janareta kuɗi ne, albashin fasto kuɗi ne, mai gadi kuɗi ne, yanzu ma har da na'urar binciken mutane a bakin ƙofa. A ɗarikar ECWA kuma ba duk abin da aka tara ke zama a coci ba, akwai kason da ke tafiya gunduma da hedikwata a Jos. Cocin da ke jin kunyar maganar zakka shi ne ke rufewa da wuri. Mutane ba sa son a taɓa aljihunsu, shi ke nan.

Malam Istifanus: Haruna, mutane suna bayarwa in sun ga inda kuɗin ya shiga. Rashin gani ne ke sa su ɗaure aljihu, daga baya su ɗauke ƙafa. Tsarin ba wuya gare shi ba. Mutum uku su ƙirga baiko, kada biyu su fito gida ɗaya, kuma a riƙa juya su wata-wata. A ƙirga a cikin coci nan take, ba a ɗakin ma'aji ba. A rubuta a takarda mai kwafi biyu, kowane irin baiko da layinsa, duka ukun su sa hannu. Ɗaya ga ma'aji, ɗaya ga magatakarda. Litinin da safe kuɗin ya shiga banki cif, yadda aka rubuta. Masu sa hannu a asusu su zama uku, sai biyu sun sa a fitar da ko sisi. Masu tura kuɗi ta waya su tura asusun coci, ba na fasto ko na wani dattijo ba, komai amincinsa. Duk wata uku a karanta rahoto a kuma manna shi a allo, sau ɗaya a shekara wanda ba ya cikin majalisar dattawa ya duba littattafan.

Ɓarna ba ta cika farawa da sata ba. Tana farawa ne da a ciri dubu goma daga baikon yau a sayo mai kafin a rubuta, za a mayar. Ko a taɓa kuɗin gini a biya albashi don wata ya yi nisa. Bayan shekara uku tubalin yana nan a tsayin taga, mutanen da suka saya wa coci buhunan siminti suna wucewa ta gabansa kowace Lahadi, babu wanda ya yi musu bayani. Manzo Bulus kansa bai ɗauki gudummawar Urushalima shi kaɗai ba. A 2 Korintiyawa 8 ya haɗa Titus da ɗan'uwan da ikkilisiyoyi suka zaɓa, don kada a sami abin zargi.

Rifkatu: Iyayena, ku yi haƙuri in sa baki. Mu matasa abin da ya fi korar mu horo ne, ko in ce yadda ake yin sa. Yarinya ta yi ciki, a kira sunanta a gaban taro, a mayar da ita bencin baya, a hana ta jibi. Wanda ya yi cikin, in ɗan wani ne, sai a ji ya tafi karatu. Ba ita kaɗai ake rasawa ba. Uwarta ta daina fitowa don kunya, ƙannenta su bi, ƙawayenta su koyi cewa duk abin da ya same ka, ka ɓoye wa coci.

Fasto Ayuba: 'Yata, a nan zan tsaya da ƙarfi. Ikkilisiyar da ba ta horo ta zama kulob. A garin da maƙwabtanmu Musulmi ke auna addininmu da halinmu, kawar da kai daga zunubi shi ne babban abin kunya. Abin da zan yarda da shi, ana tsallake matakai. Matiyu 18 ta jera su: ka same shi kai kaɗai, in ya ƙi ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu, sai in ya ƙi su ma a kai wa ikkilisiya. Mu da na ƙarshe muke farawa. Horo na gaskiya yana da ranar farawa da ranar dubawa a rubuce, yana da dattijo ko uwa guda da aka ɗora wa ziyartar mutumin kowane mako, kuma ma'auni ɗaya ne ga namiji da mace, ga mai bayar da janareta da mai shara. In wa'adi ya cika a karɓe shi a gaban taron da aka sanar da laifinsa, kamar yadda 2 Korintiyawa 2 ta ce a yafe a ta'azantar don kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Wannan gyaran aiki ne, Baba, bai mayar da mu masu kora ba.

Dattijo Bulus: Fasto, wanda aka bari a bencin baya shekara biyu ba a sake waiwayarsa ba, me sunan abin da aka yi masa? Ga kuma wanda ba mu taɓo ba, harshe da ƙabila. Bishara ba da Turanci ta zauna a ƙasar nan ba. Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa tun 1932, aka sake fassara a 1979, kuma 'yan mishan na SIM da suka yi jinyar kutare a Amanawa, kusa da Sakkwato, da Hausa suka yi aiki. Yau a coci da yawa sujadar Turanci ce ke samun safiya mai sanyi da babban fasto da kayan kiɗa, ta Hausa a tura ta tsakar rana a bar wa mai bishara. Mutumin Zuru mai gadi, ko manomin da ya gudo daga ƙauye, ya gane matsayinsa ba sai an faɗa masa ba. In kuma aka haɗa su da tafinta, wa'azin minti 40 ya koma 80, kowa ya gaji. Sannan majalisar dattawa: in bakwai cikin tara 'yan gari ɗaya ne, a tsakiyar taro su juya yarensu, sauran biyun baƙi ne a cocinsu. Ayyukan Manzanni 6 ta nuna irin wannan ƙorafi, gwaurayen masu jin Helenanci ake mantawa da su wajen rabon abinci, kuma mutum bakwai da aka zaɓa su gyara, dukansu sunayen Helenanci gare su.

Fasto Ayuba: Maganar lokacin sujada na karɓa, ana iya juya shi wata-wata, babban fasto ya riƙa hawa bagade a duka biyun. Amma har yanzu ina cewa in Malam Istifanus ya ja layukansa, na farko zai fi tsawo.

Mama Saratu: To a ja mu gani. Sai dai kada a tura wa na layi na huɗu saƙon waya, kada kuma fasto ya fara zuwa, don za su ɗauka an zo bin bashin zakka. A ba Zumuntar Mata sunayen, unguwa-unguwa, mata biyu gida ɗaya, da yamma bayan rana ta yi sanyi. Su gaisa, su tambayi yara, su saurara, kada su yi wa'azi. Abin da suka jiyo a rubuta ba suna, a karanta wa majalisar dattawa a zamanta na gaba. Malam Istifanus, littafin jibin yana hannun wa yanzu?