Tambaya kan zanen ƙauyawa masu rawa a ƙarƙashin bishiya

Ɗalibar Zane: Assalamu alaikum. Malaminmu ya nuna mana wani tsohon zanen Turawa, na kasa mantawa da shi. Ƙauyawa ne maza da mata sun riƙe hannun juna suna rawa a zagaye, mai sarewa na zaune a kan reshen bishiya, ga kare yana bin su da gudu. Wa ya zana shi? Kuma me ya sa bayin Allah suka kusa faɗuwa don rawa?

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam 'yata. Na Rubens ne, ɗan Antwerp ta Beljiyam, yana gidan tarihi na Prado a Madrid. Wannan lanƙwasar jiki da kika gani ita ce salon zane da ake kira Barok, masu wannan salon motsi suke so ido ya ji. A 1635 Rubens ya sayi gidan gona mai suna Het Steen, daga nan hankalinsa ya koma kan daji da ƙauye har ya rasu a 1640.

Mai Algaita: Ni zane-zanen David Teniers ƙarami sun fi burge ni. Bikin cocin gari yake zanawa a ƙofar mashaya, makaɗi tsaye a kan ganga ta katako yana busa algaita mai jakar iska. Duba kumatun makaɗin da kyau, wallahi Teniers ya san masu busa.

Ɗalibar Zane: Na gode Baba, na samo shi. Sai yanzu na lura wasu ma ba takalmi a ƙafarsu.