Neman kalma: jinin da ke curewa a ƙafar mai shanyewar ɓarin jiki

Binta: Salamu alaikum. Gobe da safe zan naɗi shirin lafiya, rahoton da zan fassara kuma a kan masu shanyewar ɓarin jiki ne a ƙasashen Asiya. An daɗe ana cewa mutanen can ba su cika samun DVT kamar Turawa ba, sai wani bincike da aka yi a Singafo, aka wallafa a 2006, ya same shi a ƙafar kashi 30 cikin 100 na majinyatan da aka duba, kwana 7 zuwa 10 bayan kwanciyarsu. To DVT ɗin nan me zan kira shi? Ba na son in ce "di-bi-ti" a rediyo.

Dakta Sani: Daskarewar jini a jijiyar ƙafa. Haka nake faɗa wa 'yan jinya.

Nas Hadiza: Dakta, da ka ce jijiya an gama. Bahaushe ciwon jijiya zai ɗauka, ya aika a sayo man zafi a dinga murza sharaɓar, wadda ita ce ba a so a murza. Mu dai abin da muke nuna wa masu jinya shi ne: ƙafa ɗaya ta fi 'yar uwarta kumbura, ta yi ɗumi, wani lokaci da ciwo. Wanda bakinsa ya karkace kuwa ba zai iya ce miki ga inda ke masa ciwo ba.

Aminu: Gudan jini fa?

Nas Hadiza: Sai a zaci ɓari ake nufi.

Malam Garba: Duk kun tsaya kewaye-kewaye. Sunan cuta kalma ɗaya yake zama. Muna da sanƙarau, muna da ƙanjamau. Wannan sunanta DASKARAU. Binta 'yata, rubuta ki ajiye.

Isufu (Damagaram): Baba Garba, daskarau a kunnena kamar sunan ƙanƙarar da yara ke saye. Nan likitocinmu "filebit" suke cewa.

Malam Garba: Mun gudu daga Ingila za ka kai mu Faransa? Abin da ya kashe mu ke nan. Yaro ya yi digiri sai ya ga kalmar uwarsa ta yi masa ƙauyanci.

Isufu (Damagaram): Allah ya huci zuciyarka Baba, amma kullum ku na Kano kuke yanke kalma, mu sai dai mu ji a rediyo.

Malam Garba: Ni Bakatsine ne.

Dakta Sani: Malam, matsalar daskarau ba ta nuna wurin ba, wurin kuwa shi ne maganar. Wannan jinin a manyan hanyoyin da ke can cikin tsoka yake curewa, waɗanda ke mayar da jini zuciya. Ƙafar da ta shanye ba ta motsi, jini sai ya kwanta. In curin ya ɓalle, huhu yake tafiya ya toshe, mutum ya kama haki, wani ma ya cika nan take. Binta, zancen Asiya ma da tushensa: akwai wani gadon halitta mai sa jini saurin curewa da aka gano a birnin Leiden na Holan a 1994, kusan kashi 5 cikin 100 na Turawa na ɗauke da shi, a gabashin Asiya da Afirka kuma da wuya a same shi. Sai dai rashin wannan gadon bai kare wanda ke kwance ba ya motsi ba. Ga shi kuma shanyewar da fashewar jijiyar ƙwaƙwalwa ke kawowa ta fi yawa a gabashin Asiya fiye da Turai, irin waɗannan ba a gaggawar yi musu allurar tsinka jini.

Aminu: Kun lura Dakta da kansa "curewa" yake ta faɗa?

Binta: Na lura! Curin jini na cikin ƙafa?

Malam Garba: Curi na fura ne.

Nas Hadiza: Shi ya sa kowa zai gane, Baba. Binta, in da lokaci ki ƙara da maganar safa. Wani gwaji mai suna CLOTS na Birtaniya ya nuna a 2009 cewa doguwar safa mai matse ƙafa ba ta hana shi ga masu shanyewa, sai ma ta ci musu fata. Na 2013 ya nuna abin da ake naɗa wa ƙafa yana hura iska yana saki shi ne ke ragewa, daga kashi 12.1 zuwa 8.5 cikin 100.

Malam Garba: Kalma huɗu, har biyar, a kan cuta ɗaya. Da haka magabata suka yi, da sanƙarau sunanta "sanƙarewar wuya ta lokacin zafi".

Binta: Baba, zan faɗi cikakken sau ɗaya a farko, "curewar jini a manyan jijiyoyin cikin ƙafa", daga nan in ci gaba da "curin jini". A ƙarshen shirin zan ce wani dattijo ya ba da daskarau, masu sauraro su aiko da ra'ayinsu.

Nas Hadiza: Jijiyar ta dawo dai.

Dakta Sani: Babu yadda za a yi da ita. Ki dai ce "jijiyoyin jini".

Malam Garba: Ba "wani dattijo" za ki ce ba. Ki faɗi sunana.