Musayar waƙa: malamar Tailan da aka hana naɗi a gida

Anti Malama, Rikkos

Assalamu alaikum 'yan zaure. Turken makon nan Dhammananda ce, marubuciya mai bin addinin Buda a ƙasar Tailan, mai fafutukar haƙƙin mata su sami naɗi, wato a shigar da su sahun cikakkun malaman addinin kamar maza. Amsa-amona "ta". Wanda zai iya ya biyo ni, wanda ba zai iya ba ya zo da nasa.

Da sanyin Jos na ɗauki alƙalami,
ku ba ni kunne in kawo labarinta.
A 1944 aka haife ta can Tailan,
Chatsumarn ne sunan yankanta.
Ta je Indiya, ta je Kanada karatu,
jami'ar Thammasat a matsayin malama ta ɗauke ta.
Ta bi tsofaffin littattafan addininsu,
ta tarar Buda da kansa ya naɗa mata.
Gotami, ƙanwar uwarsa da ta raine shi,
ita ta fara, ɗaruruwa suka bi ta.
A 1991 ta yi littafi kan matan ƙasarta,
hujjar duk daga cikin gida ta ɗauko ta.

Ɗan Gangare

Anti, ina gaisuwa da ban girma,
amma me ya kawo ta zaurenmu?
Ga Nana Asma'u 'yar Shehu a gida,
ga 'yan taru da jaji a tarihinmu.
Kin haye teku kina neman ruwa,
alhali ga rijiya a ƙofar gidanmu.

Baba na Unguwar Rogo

Ɗana, sassauta. Sanin halin mutum
ai bai zama bin addininsa ba.
Malama, ni tambaya nake da ita:
in mai addinin bai hana tun farko ba,
me ya sa malaman ƙasarta suka ƙi,
har yau ba su ba ta kujerar ba?

Anti Malama, Rikkos

Baba, Allah ya ja kwana, ga inda ƙullin yake.

Doka ta ce mata naɗaɗɗu su fara,
sannan maza su sa hannunsu.
A Siri Lanka silsilar mata naɗaɗɗu ta yanke tuntuni,
Tailan kuwa ba ta taɓa ganin irinsu.
Babu mai naɗi, sai aka ce babu naɗi,
a 1928 shugaban malamai ya hana su.
Mace mai son ibada sai farin zane,
shara da girki yawancin aikinsu.
Sadaka na bin malamai maza masu mayafi ruwan goro,
mai farin zane na can bayansu.
Uwar Dhammananda, Voramai, ta tafi Taiwan a 1971,
aka naɗa ta bisa tafarkinsu.
'Yar ta jira Siri Lanka ta farfaɗo da abin,
a 2003 ta karɓi cikakken naɗi wajensu.

Ɗan Gangare

Na ji, Anti, amma kin ɓoye wani abu:
kafin askin naɗin sai da ta rabu da miji.
'Ya'ya uku maza ta bari a baya,
wannan ne darasin da za mu ji?
Nana ta yi waƙa a harshe uku,
tana ɗakin Giɗaɗo, kowa ya ji.

Hajiya ta Bukuru

Ɗan nan, bari in shiga, ni ba na iya gajarta magana.

Rashin aure sharaɗin malantarsu ne,
maza ma a can haka suke yi.
Ba mu ce a kwaikwaya ba, Allah ya kiyaye,
namu ya ce aure sunna ne, a yi.
Nana ba naɗi take nema ba,
mu ba mu da wannan irin layi.
Yaƙinta da jahilcin da aka bar mata ciki ne,
wanda Shehu da kansa ya tsawatar a kan masu yi.
Abin da ya burge ni da baƙuwar nan,
ba ta nemi a rage mata nauyi.
Dokar maza 227 ce, ta mata 311,
ta ɗauka duka ba tare da sanyin jiki ko shayi.
A 1987 ita da wasu suka kafa ƙungiyar Sakyadhita,
matan Buda na duniya suka sami wurin ra'ayi.

Baiti na shida ya ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri, lissafi ba ya shiga waƙa da daɗi.

Baba na Unguwar Rogo

Hajiya, kin biya ni. To yau ina aka kwana,
sun buɗe mata ko suna nan kan bakansu?

Anti Malama, Rikkos

Suna nan, Baba. A 2014 ma
majalisar malamai ta sake jaddada haninta.
Dhammananda na Nakhon Pathom, yamma da Bankok,
a gidan ibadar da uwarta ta gina ta bar mata.
Mata na zuwa su yi aski su koyi karatu,
hukuma dai ba ta sa su a rajistarta.
BBC ta sa ta cikin mata ɗari na 2019,
gida kuwa har yau bai amsa sallamarta.

Ɗan Gangare

Ni dai ina kan bakana ni ma. Mako mai zuwa turken Nana ne, kuma ni zan buɗe.

Hajiya ta Bukuru

Mun yarda. Amma ka zo da ƙwar biyar, kada ka sake rufe mana baiti biyu da "ji" ɗaya ka ce ka yi amsa-amo.