Shawarwari kan tsaga gungume da zarton inji da sarrafa katakonsa

Malam Habibu: Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni sanin wannan aiki. Ina da gungume biyu na itace mai tauri, kaurin kowanne ya kai santimita 60, kuma ina so in tsaga su da kaina domin in yi teburi da benci. Zarton injin da ke hannuna mai cc 50 ne (cc shi ne ma'aunin girman inji). Shin zai iya, ko kuwa sai na nemi babba?

Injiniya Lawal: Wa alaikumus salam, Malam Habibu. Mai cc 50 zai yi yanka, amma zai wahala, kai ma ka wahala. Tsaga gungume ta tsawonsa ya bambanta da gutsure shi, domin injin yana daɗewa a cikin itacen yana aiki da iyakar ƙarfinsa ba hutu, kuma zafin da ke taruwa shi ke kashe ƙananan injuna. Ga gungume irin naka, kada ka yi ƙasa da cc 70, kuma in da hali, Stihl MS 661 ko Husqvarna 395 XP, waɗanda duk sun haura cc 90, sun fi dacewa. Za ka kuma buƙaci firam, wato abin da ke riƙe zarton ya daidaita kaurin katako; wanda aka fi sani shi ne Alaskan na kamfanin Granberg, wanda ake ɗaure shi a jikin dogon ƙarfen da sarƙa ke zagayawa a kai. Wuraren ɗaurin suna cinye kusan santimita 15 na tsawon ƙarfen, saboda haka ka nemi mai santimita 90.

Malam Tukur: Na yarda da Injiniya kan girman inji, sai dai ban ga dalilin sayen sabo saboda gungume biyu ba. Haya ta wadatar, kuɗin kuma a sa shi a kan sarƙa. Haƙoran sarƙar gutsure itace ana wasa su a kan digiri 25 zuwa 35, na sarƙar tsaga kuwa a kan digiri 10, shi ya sa fuskar katakonta ke fitowa da santsi. Wanda ya iya riƙe magagari yana iya mayar da sarƙar da yake da ita zuwa digiri 10 a hankali. Idan ka ga garin katako ya koma laushi ƙwarai, kuma sai ka danna kafin injin ya ci gaba, to ka tsaya ka wasa. Kafin ka fara, ka kankare ɓawon inda sarƙar za ta bi, ka kuma bincika ko akwai ƙusa ko waya a ciki, domin yashi da ƙarfe su ne manyan abokan gāban haƙora.

Malam Habibu: Na gode. To, yaya ake samun yankan farko ya miƙe, alhali bayan gungumen ba a daidaice yake ba?

Injiniya Lawal: Ana kafa miƙaƙƙen tsani na alminiyam ko katakai biyu madaidaita a saman gungumen, firam ɗin ya bi ta kansu. Duk karkatar da ta shiga yankan farko za ta bi sauran katakan har na ƙarshe, don haka kada ka yi gaggawa a nan. Ka auna tsawon ƙusoshin da ka kafa tsanin da su, kada sarƙar ta same su. Yayin da kake tafiya, ka riƙa cusa weji, wato ɗan katako ko roba mai siririn baki, a cikin yankan da ke bayanka domin kada katakon ya danne ƙarfen, kuma idan ka ɗaga kan gungumen kaɗan ta yadda za ka riƙa gangarawa, turawar za ta yi sauƙi. Haɗin mai na masu ƙera injin shi ne kashi 50 na fetur da kashi 1 na man haɗi da aka yi don irin wannan inji, ko da yake wasu masu tsaga suna yin 40 da 1. Bayan kowane yanka ka bar injin yana aiki a hankali na ɗan lokaci ya huce kafin ka kashe shi. Abin toshe kunne da tabarau da takunkumi wajibi ne, saboda fuskarka tana kusa da hayaƙi da ƙura tun daga farkon yanka har ƙarshensa.

Baba Isiyaku: Ku yara kun tsaya kan inji, ni kuwa abin da na fi ganin yana ɓata katako shi ne abin da ke biyo bayan tsagawa. Ɗanyen itace ba ya fara motsewa sai danshinsa ya sauka ƙasa da kusan kashi 30 cikin 100, daga nan kuma yana motsewa ta faɗi da kauri, ta tsawo kuwa kusan babu. Motsewar da ke bin zagayen zoben itacen, wato da'irorin da ake gani a bakin gungume, ta kai kusan ninki biyu na wadda ke tafiya daga cibiya zuwa ɓawo, kuma wannan bambanci ne ke sa katako ya kantare ko ya yi kwari a tsakiya. Saboda haka, Habibu, ka shafa kaki ko fenti mai kauri a duka bakuna biyu na kowane gungume tun yanzu, domin ta nan ruwa ya fi saurin fita, ta nan kuma tsagewa ke farawa. Katakon da cibiyar itacen ta faɗa a cikinsa kusan ba ya tsira, gara ka raba shi biyu ka cire cibiyar, sai ka sami katakai biyu da suka fi kowanne zama lafiya. Ka jera su a inuwa inda iska ke ratsawa, nesa da ƙasa, ka sa busassun sanduna masu kaurin santimita 2 a tsakaninsu, kowace sanda daidai kan ta ƙarƙashinta, tazarar kamar santimita 50, sannan ka ɗora nauyi a sama. Tsohon lissafi shi ne shekara guda ga kowane inci (kusan santimita 2 da rabi) na kauri. Lissafin yana sauyawa da irin itace da yanayin wuri, don haka na'urar auna danshi ta fi zato.

Malama Zainab: Baba ya faɗi gaskiya, kuma zan ƙara daga ɓangaren masu haɗa kayan ɗaki. Idan kana son saman teburi mai kaurin santimita 5, ka yanka 6 da rabi, domin motsewa da daidaita fuska za su cinye sauran. Ka kuma sani cewa sarƙa tana mayar da milimita 6 zuwa 10 gari a kowane yanka, saboda haka yanka siraran katakai da ita asara ce. Bayan katakon ya bushe a waje, ka shigar da shi inda za a yi amfani da shi na wasu makonni kafin ka taɓa shi. Wajen ɗaura saman a kan ƙafafu, kada ka manne shi da gam. Ka yi ramukan sukuru masu ɗan tsawo ta faɗin katakon, domin zai ci gaba da kumbura da motsewa gwargwadon danshin iska, kuma idan ka hana shi motsi zai tsage.

Malam Habibu: Allah ya saka da alheri. Zan yi hayar babban inji, in yanka santimita 6 da rabi. Baba, shin in cire ɓawon gefen katakan kafin in jera su?

Baba Isiyaku: Ka cire shi. Ƙwarin da ke huda itace a ƙarƙashin ɓawo suke fara zama, kuma a yawancin itatuwa zai saki da kansa idan katakon ya bushe. Idan kana son gefen teburin ya riƙe siffarsa ta asali, ka ɓare shi a hankali da kurfi, ka goge da burushin waya.