A soke darasin motsa jiki a ƙara wa yara lissafi?

Baban Sadiq: Salamu alaikum iyaye. Ni fa ina nan kan bakana, firiyod ɗin PHE ɗin nan, wato darasin motsa jiki, ɓata lokaci ne. Yaron da ya tako da ƙafa tun daga unguwar Badariya, ya koma gida ya ɗebo ruwa ya je aike, wane motsa jiki kuma yake nema? A ba su lissafi, jarabawa na tafe.

Maman Ummi: Wa alaikumus salam. Alhaji naka ne ke takawa, nawa a keke napep ake kai su a maido su, daga nan sai islamiyya, da dare kuma waya a hannu. Ummi in ba a filin makaranta ba wallahi ba ta da inda za ta yi gudu, mu nan ba a barin 'ya mace ta fita layi tana tsalle-tsalle.

Malam na aji biyar: Alhaji da girmanka, aike daban wasa daban. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya samu aƙalla minti 60 kullum yana motsi mai sa haki, don ƙashi da zuciya su yi ƙwari. Ni abin da nake gani a aji ma ya ishe ni. Akwai wani yarona da ko sunansa ka kira sai ya sunne kai, ranar da muka yi langa shi ya kai gida sau uku, 'yan aji suka ɗaga shi sama suna ihu, tun daga ranar yake ɗaga hannu a darasi. Kuma a fili suke koyon jiran layi da haƙuri in an ci su.

Kawun Abba: Malam gaskiyarka, amma ku ma ku gyara. A watan Afrilu zafin Birnin Kebbi na wuce digiri 40, sai a fito da yara ƙarfe goma sha biyu, wasu ko karin kumallo ba su yi ba. Mu da muka tashi Argungu da kokawa da iyo, da sanyin safe ko bayan la'asar muke yi.

Baban Sadiq: To kun ji. Kuma rabin lokaci malam na gindin darbejiya, an jefa wa maza ƙwallo, mata na zaune.

Maman Ummi: Wannan kam laifin malami ne Alhaji, ba na darasin ba. A mai da shi firiyod na farko, matan a ba su igiyar tsalle ko su yi gaɗa. Ni zan sayi igiya goma.

Baban Sadiq: A kawo maganar taron PTA. Amma sai an nuna min inda za a cusa ƙarin lissafin.