Yaya zan koya wa 'yan aji shida yin rajista da kaɗa ƙuri'a?

Malamar Sibik, Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Ina da darasi biyu, minti arba'in-arba'in, da zan yi wa 'yan aji shida na sakandare a nan Zariya a kan zaɓe. Littafin karatu bai wuce ma'anar dimokuraɗiyya da ayyukan INEC ba. Ni kuwa so nake yaro ya fita ya san inda zai je, abin da zai riƙe, da abin da ke lalata ƙuri'a. Da yawansu shekara 17 ne, wasu sun cika 18. Ta ina zan faro?

Tsohon Jami'in Rumfa, Kwarbai:
Wa'alaikumus salam, Malama. Ki ba rajista darasin farko gaba ɗaya, don a nan aka fi yin ɓarna. Sharaɗi shi ne ɗan Najeriya wanda ya cika 18 a ranar da zai yi rajistar. Ɗan 17 ya jira, kada wani ya zuga shi ya ƙara wa kansa shekara, laifi ne, kuma ranar haihuwar za ta saɓa da ta NIN da ta takardun jarrabawa.

Tun 2021 ana iya fara cike bayanai a shafin INEC na intanet, amma ki nanata musu cewa wannan rabin aiki ne. Sai mutum ya je da ƙafarsa ofishin INEC na ƙaramar hukuma, ko cibiyar da aka ware, an ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Wanda ya tsaya a waya bai yi rajista ba. Ya riƙe takardar haihuwa ko ta NIN, saboda idan fuska ta nuna ƙuruciya za a nemi shaida. Ƙaramar takardar da za a ba shi ba ta zaɓe ba ce, ta karɓar katin zaɓe ce, kuma katin ba a aike, mai shi ne ke karɓa. Duk kyauta ne.

Babban abin da ke cin mutane shi ne rajista sau biyu. Kati ya ɓata, ko an ƙaura, sai a sake sabuwa. Kwamfutar INEC tana gwada yatsu da fuska, ta gano, ta soke. A rajistar da aka rufe a 2022 sama da miliyan biyu da rabi aka cire, akasari saboda haka. Wanda katinsa ya ɓata, sauyi zai nema. Wanda ya bar unguwa, canjin rumfa zai nema.

Malamin Gwamnati, Samaru:
Ina ƙarawa a kan maganar Malam. Ki sa kowane ɗalibi ya rubuta ƙaramar hukumarsa da mazaɓarsa a takarda kafin ki ce komai, za ki sha mamaki. Kowa cewa yake shi ɗan Zariya ne, alhali Samaru da Hanwa da Muciya da Cikaji duk a Sabon Gari suke. Ƙaramar hukumar Zariya mazaɓu 13 gare ta, irin su Kwarbai A da B, Kaura, Limancin Kona, Gyallesu, Tukur-Tukur, Dambo da Wuciciri. Sabon Gari na da 11. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin kowacce cikin ƙananan hukumomin biyu da nata ɗan majalisar wakilai, ko da yake sanata ɗaya suke zaɓa, na Kaduna ta Arewa.

Ki kuma gaya musu su zaɓi rumfar da za su iya takawa da ƙafa daga gida. Ranar zaɓe ana hana zirga-zirgar ababen hawa. Yaron da ke kwana a Gyallesu ya yi rajista a Samaru don can yake sa ran karatu, ranar zaɓe sai dai ya ji sakamako a rediyo.

Su san kuma zaɓen ciyaman da kansila ba na INEC ba ne, na hukumar zaɓe ta jihar Kaduna ne, wadda ta yi amfani da na'urar kaɗa ƙuri'a a 2018 da 2021. Katin dai ɗaya ne.

Tsohon Jami'in Rumfa, Kwarbai:
Darasi na biyu kuma kada ki yi lacca, Malama, ki kafa rumfa a aji. Kwali ɗaya ya zama akwati, wani kwalin a yanke shi ya zama mafakar dangwale, sai tawadar hatimi, alƙalamin maka ɗaya, da takardu daidai yawan ɗalibai. Ɗalibai huɗu su zama jami'ai, kamar yadda ake yi: shugaban rumfa da mataimaka uku. Biyu ko uku su zama wakilan jam'iyyu.

A bi tsarin gaskiya. Ana buɗewa ƙarfe 8:30 na safe, wanda ke kan layi kafin 2:30 na rana sai ya yi zaɓe. A duba kati, a tantance da BVAS, na'urar tantance masu zaɓe, ta yatsa ko fuska (a aji waya za ta iya tsayawa a madadinta), a duba suna a rajista, a shafa tawada a farce. Shugaban rumfa ya buga hatimi, ya sa hannu da kwanan wata a bayan takardar, sannan ya miƙa. Ki koya musu su juya su duba, takardar da ba hatimi rigima ce a wurin ƙirga.

Sai dangwale. Takardar ƙuri'a alamar jam'iyya ce a kanta, ba hoton ɗan takara ba. Tawada kaɗan, a cikin gida ɗaya, kada ta haura layi. A naɗe ta a tsaye, don idan aka ninke ta a kwance jiƙaƙƙiyar tawada na iya bugawa a gidan wata jam'iyya, ƙuri'a ta tashi a banza. Ba a rubuta suna, ba a shiga da waya. Ki bar su su yi kuskuren, sannan a ware lalatattun a gaban kowa a tambayi aji dalilin kowacce.

Ki jefa ƙarin takardu uku a akwatin a ɓoye. In ƙuri'u suka fi yawan waɗanda aka tantance, dokar zaɓe ta 2022 ta ce a soke sakamakon rumfar. Da sun ga aikinsu ya rushe saboda takarda uku, sun fahimci abin da aringizo ke jawowa.

Malamar Sibik, Tudun Wada:
Allah ya saka da alheri. To alamomin fa, in sa na jam'iyyun gaske?

Malamin Gwamnati, Samaru:
A'a, Malama. Ki zana tulu, fartanya, fitila da makamantansu. Yaro ya koma gida ya ce tsintsiya ko lema ta ci a ajinsu, gobe iyaye na ofishin shugaban makaranta. Amma ki jera alamomin da yawa, kamar 18 da aka gani a takardar shugaban ƙasa ta 2023, da ƙananan gidaje, don su saba da neman tasu a cikin cunkoso. A ƙarshe a cike takardar sakamako irin EC8A, wakilai su sa hannu, a manna kwafi a ƙofar aji.