Shin ƙwari suna da hannu wajen farfaɗowar daji bayan gobara?

Ummulkhairi: Assalamu alaikum. Na daɗe ina ɗauka cewa idan gobara ta cinye daji, ruwan sama da ƙwayoyin irin da suka saura a ƙasa ne kaɗai suke farfaɗo da shi. Kwanan nan na ji ana cewa ƙwari ma suna da hannu a ciki, abin kuwa ya ɗaure mini kai, domin a tunanina su ne farkon waɗanda wuta take hallakawa. Ina roƙon masu sani su fayyace mini.

Malam Bashir: Wa alaikumus salam, Malama. Wuta tana kashe ƙwari da yawa, amma akwai waɗanda gobarar ce ma take kiran su. Wani baƙin ƙwaro mai suna Melanophila acuminata, wanda ake samu a dazuzzukan Turai da Asiya da Arewacin Amurka, yana da ƙananan ramuka a ƙirjinsa da yake jin zafin wuta da su daga nesa. Yakan iso tun itatuwa suna hayaƙi, macen ta saka ƙwai a ƙarƙashin ɓawon da ya ƙone, saboda itacen da wuta ta kashe ba ya iya fitar da ƙaron da yake kare kansa da shi. Tsutsotsinsa da na ire-irensa suna huda itacen, garin da suke zubarwa da kashinsu ya zama taki, ramukan kuma su buɗe wa ruwa da funfuna hanya, gungumen ya ruɓe da wuri. Tsuntsaye irin su maƙwaƙwafi suna biyo baya don cin tsutsotsin.

Malama Rabi: Ni a ganina aikin tururuwa ya fi wannan ban sha'awa, domin tun kafin gobarar take yin sa. A kudancin Afirka ta Kudu da Ostireliya akwai tsirrai da dama da ƙwayar irinsu take ɗauke da ɗan maiƙo a jikinta. Tururuwa tana jan ƙwayar zuwa raminta, ta cinye maiƙon, ta bar irin binne inda wuta da ɓeraye ba za su kai gare shi ba, sai bayan gobara ya tsiro. Da wata baƙuwar tururuwa 'yar asalin Ajantina ta mamaye wasu yankunan Afirka ta Kudu ta kori 'yan gida, ita kuwa ba ta binne irin, an ga tsirowar waɗannan tsirrai ta ragu bayan wuta. Haka nan yawancin jinsunan dangin ƙudan zuma a cikin ƙasa suke sheƙa, don haka wasunsu sukan tsira, su yi barbarar furannin da suka fara fitowa a toka.

Malam Habibu: Ina da ɗan ja, Malam Bashir. Bayan gobarar da ta ƙone kusan kashi 36 cikin 100 na gandun dajin Yellowstone na Amurka a 1988, ƙwarin da ke huda ɓawon itace sun ƙarasa itatuwa da dama da wuta ta raunana kawai, waɗanda watakila da sun rayu.

Malam Bashir: Haka ne, Malam Habibu, ban musa ba. Sai dai abin da ya fi damuna shi ne gaggawar sare ƙonannun itatuwa don katako da zarar wuta ta mutu, domin gungumen da aka kwashe yana tafiya ne da ƙwai da tsutsotsin da ke cikinsa, da takin da ƙasar take jira. Ko da za a sare, ya kamata a bar wani kaso a tsaye.